Ƙaramar Sana'a a Gunduma: Yadda A Ke Kafa Ta da Yadda A Ke Riƙonta

Zuwa ga Hakimai da Magatakardansu

An rubuta wannan 'yar takarda ne saboda wani abu da kuka fi kowa sani, watau yawan ƙarar da ke zuwa ƙofar gidan hakimi a kan sha'anin kuɗi. Wane ya ba wane jari, shekara ta kewayo, babu uwa babu riba. Wance ta yi zubin adashi wata takwas, ranar kwasarta aka nemi uwar adashi aka rasa. Yaron shago ya ce ubangidansa ya yi masa alkawarin sallama, ubangida ya ce shi bai san zancen ba. In an bi sawun irin waɗannan ƙararraki, sai a tarar kaɗan ne daga cikinsu sata ce ta ainihi. Galibi mutane biyu ne masu mutunci suka shiga ciniki ba su ƙididdige kome ba, ba su kuma rubuta kome ba, har ranar da kuɗi suka ƙare, kowa ya soma zargin ɗan'uwansa.

Tun daga gyaran mulkin ƙananan hukumomi na 1976 kasuwanni da tashoshi da mahauta suka bar hannun En'e, kuma tsarin mulkin 1999 ya lissafa su cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Amma wannan bai canja halin talaka ba. In yana son ya kama sana'a, dagaci ya ke fara gaya wa. In sana'ar ta rushe, gaban hakimi ya ke zuwa. Don haka ya kyautu shawarar da za a ba shi ta zo tun da fari, ba sai bayan ɓarna ba.

Zaɓen sana'a

Abin da ya fi kashe ƙananan sana'o'i a ƙauye shi ne kwaikwayo. Mutum ɗaya ya kafa tireda a bakin masallaci, aka ga yana samu, kafin wata uku tebur biyar sun jeru, kowa da sukari da sabulu da ashana, alhali kuwa masu saye ba su ƙaru da ko mutum ɗaya ba. Cinikin da ya ishi gida ɗaya aka raba wa gida biyar, duka biyar suka tsiyace tare. Saboda haka tambaya ta farko da za a yi wa mai neman shawara ita ce: me mutanen garin nan ke tafiya wani gari su nemo? In mata na kai niƙa tafiyar sa'a guda, injin niƙa ne garin ke bukata. In kowane mai babur sai ya tura shi zuwa bakin titi in ya yi faci, to, ga sana'a nan a kwance. In babu wutar lantarki, kuma kowane gida da waya, faifan hasken rana da wurin caji ya fi tebur na shida amfani.

Tambaya ta biyu: ya san sana'ar? Kuɗi ba su koya wa mutum ciniki. Wanda bai taɓa buɗe bakin akuya ya duba haƙoranta ba, in ya ɗauki jari ya nufi kasuwar Maigatari ran Alhamis ko ta Wudil ran Jumma'a, dillalai za su karɓe shi hannu biyu, amma tsohuwa zai komo da ita. Gara ya bi wani gwani wata shida yana riƙe masa igiya. Ba ƙasƙanci ba ne. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana mafi dukiya a ƙasar nan, da fataucin goro ta hanyar Gwanja ya fara, ya daɗe yana bin hanya yana koyon kaya da mutane, kafin jirgin ƙasa ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe daga 1912.

Labarin gyaɗar kansa yana da abin lura. Dalar gyaɗa ta Kano ta yi shekaru tana tsaye, har mutane suka ɗauka ba za ta taɓa gushewa ba. Farin 1973 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 suka karya cinikin, kuma bai komo yadda ya ke ba. Wanda duk abincinsa ke rataye ga kaya iri ɗaya ya tuna da wannan.

Jari

An ce sai da ruwan ciki a ke jan na rijiya. Jarin da ya fi lafiya shi ne wanda mutum ya tara da kansa, ko da kaɗan ne: kuɗin rago, ko na buhun wake, ko kwasar adashi. Wanda ya fara da nasa yana barci. Wanda ya fara da na wani, tun ranar farko ciniki biyu ya ke yi, ɗaya da masu saye, ɗaya da mai kuɗi.

Kome ƙanƙantar jarin, kada a zuba shi duka a kaya. A raba shi uku: kashi mafi girma na kaya, kashi na biyu na kayan aiki da haya, na uku a riƙe a hannu. Wannan na ukun shi ne mutane ke ƙi, gama su kan ga kamar kuɗi ne ke zaune a banza. Ba a banza su ke ba. Ranar da bel ɗin inji ya tsinke, ko mota ta kwana a hanya da tumatir, ko farashin sari ya tashi kafin a sayar da na hannu, su ne ke hana sana'a tsayawa. Kowa ya ga abin da ya faru bayan an janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023: kuɗin mota ya ninka cikin 'yan kwanaki, masu 'yar ajiya suka ci gaba da zuwa sari, marasa ita suka zauna.

Adashi hanya ce mai kyau ta tara jari, muddar 'yan zubin sun san juna kuma uwar adashi tana da gida da mutunci a garin. Abin da magatakarda zai taimaka da shi a nan ƙarami ne amma yana da amfani ainun: takarda ɗaya mai sunayen 'yan zubi, da abin da kowa ke zubawa, da ranar kwasar kowa. Jam'iyyar gama kai mai rajista ta fi adashi ƙarfi, domin tana iya buɗe asusu da sunanta, ta sayi taki ko kaya a dunƙule, kuma bankuna sun fi saurin sauraron jam'iyya bisa ga mutum ɗaya. Ofishin jam'iyyun gama kai na jiha ke yi musu rajista.

Bashi da ruwa kuwa ba sai an tsawaita ba. Addini ya hana shi, lissafi ma ya hana shi. Wanda ya karɓi buhu ɗaya da damina bisa sharaɗin ya biya biyu da kaka, wace sana'a ce za ta ba shi ribar da ta kai wannan cikin wata huɗu? Ga wanda ke son hulɗa da banki ba tare da ruwa ba, akwai bankunan da ke aiki bisa ƙa'idar Musulunci. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo baya a 2019. Ga kuma Bankin Manoma mai hedkwata a Kaduna, da Bankin Masana'antu, da hukumar SMEDAN da aka kafa a 2003 domin ƙananan sana'o'i. Sai dai a gargaɗi mutane da abu biyu. Na ɗaya, rancen hukuma rance ne, ba rabon ganima ba, kuma wanda ya ci ya ƙi biya ya toshe wa 'yan garinsu ƙofa. Na biyu, duk wanda ya zo ya ce a ba shi kuɗi domin ya sa sunan mutum cikin jerin masu samun tallafi, a kai maganarsa ga hakimi kafin a ba shi ko kwabo. Haka kuma masu cewa kawo dubu goma ka karɓi dubu goma sha uku a ƙarshen wata. Irin wannan ne MMM, wanda ya rufe da kuɗin mutane a Disamba 2016, a gaban idonmu, kuma tun daga nan yana sāke suna yana komowa.

Lissafi

A nan ne zancen ya ke, kuma a nan ne magatakarda ya fi kowa amfani.

Yawancin masu ƙaramar sana'a ba su san ko riba su ke ci ko faɗuwa su ke yi ba. Abin da suka sani shi ne kuɗi na shiga aljihu suna fita. Muddar akwai na cefane, sai su ce kasuwa ta yi kyau, alhali kuwa mai yiwuwa ne uwar kuɗin a ke ci kullum da miya. Ga misali, kuma lambobin nan na misali ne kurum, kowa ya sa farashin kasuwarsu a madadinsu.

A ce mutum ya sayi buhun masara a kasuwar ƙauye naira 40,000, buhu mai kwano 40. A zuciyarsa kowane kwano ya faɗo masa a 1,000. Ya kawo gari ya sayar a 1,100, ya ce ya ci 100 a kowane kwano, watau 4,000 a buhu. To, bari mu bi buhun nan daga inda aka auna shi. Buhu fanko da ɗinki 500. La'adar dillali 500. Kuɗin kasuwa 200. Dako, ɗorawa da saukewa, 300. Mota 2,000. An kashe 3,500 ke nan, buhu ya tashi a 43,500. Sa'an nan da aka zazzage aka sheƙe, ƙaiƙayi da tsakuwa suka fita, aka yi wa masu saye gyara, sai kwano 38 aka auna, ba 40 ba. Kwano 38 a kan 1,100 ya ba da 41,800. Ashe mutumin nan da ke murnar ribar 4,000 faɗuwar 1,700 ya yi, ban da wuninsa a rana. In ya yi buhu goma a wata, jarinsa ya ragu da 17,000, shi kuwa yana nan yana zargin iyalinsa da taɓa masa kuɗi. Farashin da zai mai da masa kuɗinsa kaɗai, ba riba, shi ne kusan 1,145 a kwano. Sama da wannan ne riba ke farawa.

Maganin abin littafi ne na 'yan makaranta, irin mai araha. A ja layi a tsakiyar shafi, dama abin da ya shigo, hagu abin da ya fita, kowace rana da kwanan watanta. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne, in dai mai shi yana iya karantawa. Wanda bai iya ko ɗaya ba, ɗansa na makaranta ya rubuta masa da magariba. Sharaɗin kurum shi ne kada a raina kome. Shayin da aka sha, da sadakar da aka ba almajiri, da sabulun da uwargida ta aiko aka ɗauka a tebur, duka a rubuta. Ba don a hana ba ne. Don a sani ne.

Daga wannan sai babbar ƙa'ida: aljihun sana'a dabam, aljihun gida dabam. Mai sana'a ya yanka wa kansa abin da zai riƙa ɗauka kullum ko kowane mako, kamar albashi, ya tsaya a kansa. Na san za a ce wannan zancen 'yan boko ne, gama a ƙauye mai tebur shi ne asusun dangi, suna da biki da asibiti duk a kansa su ke. Gaskiya ne, kuma ba wanda ke cewa a yanke zumunci. Amma zumunci daga riba a ke yinsa. In an yi shi daga uwar kuɗi, baɗi mai taimakon zai shiga layin masu neman taimako. Kalma ɗaya daga bakin hakimi ga dangin mai sabuwar sana'a, cewa su ɗaga masa ƙafa shekara guda, ta fi jarin da za a ƙara masa.

Masu inji suna da wani ramin na dabam. Mai injin niƙa ya kan cire kuɗin mai da na yaro, sauran ya kira shi riba. Ya manta injin kansa yana cinyewa kullum. A ce an saye shi 360,000, kuma shekara uku zai yi kafin ya gaji. Wata 36 ke nan, watau kowane wata injin na cin 10,000 daga jikinsa. In ba a ware wannan an ajiye ba, ranar da ya mutu sana'a ta mutu tare da shi. Tun da kuma farashi hawa ya ke yi, gara a ware fiye da haka, ko a mai da abin da aka ware ya zama tunkiya ko akuya, wadda darajarta ke tafiya tare da kasuwa. Haka lissafin ya ke ga keken ɗinki, da babur ɗin haya, da batirin hasken rana.

Kada a manta da mata a wannan zance. Da yawa daga cikin cinikin gunduma a cikin gidaje a ke yinsa: man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, daddawa, fura, ƙosai, saƙa, kiwon kaji da awaki. Masu matsar mai su kan ce mai ke mai da uwar kuɗi, riba kuwa tana cikin ƙuli-ƙuli, wanda ke nuna lissafinsu ya fi na maza da yawa kaifi. Abin da ya fi karya su shi ne rancen maigida, wanda a ke karɓa da sunan gobe, goben ba ta zuwa. Dukiyar mace tata ce a shari'a, kuma bashin miji ga matarsa bashi ne kamar kowane.

Bashi

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma mai tebur da ya ce sam ba ya ba da shi ba zai yi ciniki a ƙauye ba, gama manomi ba shi da kuɗi sai da kaka, ma'aikaci kuma sai ƙarshen wata. Amma a sa masa iyaka. Kowane mai karɓa da shafinsa a littafi, da adadin da ba za a wuce ba, kuma ba a ƙara sabo sai an biya tsoho. Jimlar bashin da ke waje kada ta kai yadda mai shago zai kāsa zuwa sari. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Wanda ya ji haushi don an rubuta sunansa, a tuna masa da wannan cikin ladabi.

Ina roƙon afuwa in faɗi wani abu da ya shafi fada. Bashin da ya fi wuyar karɓa shi ne na manya da na yaran manya. Mai tebur ba ya iya hana dogari ko ɗan sarki, ba ya kuma iya zuwa ya tambaya. In hakimi ya sanar a fili cewa duk wanda ya karɓi kaya da sunan gidansa a zo a gaya masa, ya ceci sana'o'i da dama ba tare da ya kashe kome ba.

Yanzu kuma ciniki da yawa ta waya a ke biyansa, tun ba bayan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ba, lokacin da aka canja fasalin naira. Wannan ya rage ɗaukar kuɗi a hanya, alheri ne babba a inda hanya ba ta da aminci. Amma ya zo da tasa cutar, watau saƙon ƙarya. Kada a saki kaya don mai saye ya nuna rasit a wayarsa. Sai mai kaya ya duba asusunsa ya ga kuɗi sun zauna. Lambar sirri kuwa ba a gaya wa kowa, ko da ya kira ya ce daga banki ya ke, gama banki ba ya tambayarta.

Awo da ajiya

Mudu ba ɗaya ba ne a ƙasar Hausa. Abin da a ke kira mudu a wannan kasuwa ya bambanta da na waccan, kwano ma akwai mai tozo akwai shafaffe. Baƙo ya tambayi ma'aunin gari kafin ya taya. Amma a cikin kasuwa ɗaya lalle ma'auni ya zama ɗaya, kuma aikin sarkin kasuwa ne ya riƙa zagawa yana duba kwanukan da aka bubbuge gindinsu. Mai tauye mudu yana cin kwabo yau, ya rasa mai saye har abada, ban da abin da ke jiransa gobe kiyama.

Sayen hatsi da kaka a sayar da bazara tsohuwar sana'a ce, amma ba kullum ta ke biya ba. Waɗanda suka cika rumbuna da masara a kakar 2024 suna jiran tsada, da yawansu sun sayar a 2025 ƙasa da yadda suka saya, domin farashi faɗuwa ya yi maimakon hawa. Saboda haka kada a yi wannan ciniki da kuɗin rance, kada kuma a zuba dukan jari a cikinsa. Ajiya don a sayar sannu a hankali dabam ta ke da ɓoye abinci lokacin da jama'a ke cikin yunwa. Na biyun malamai sun yi magana a kansa, kuma hakimi yana da ikon tsawatawa.

Wanda zai ajiye, ya tabbata hatsi ya bushe ƙayau, ya ɗora buhuna a kan katako nesa da bango. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna tana ɗauke da dafin da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe shi. Ga wake, wanda ƙwari suka fi so, akwai buhu mai riɓi uku da a ke kira PICS, leda biyu a ciki, buhu a waje. In an ɗaure kowace da kyau iska ba ta shiga, ƙwari su mutu da kansu ba tare da magani ba. Wannan ya fi zuba maganin feshi a cikin abinci nesa ba kusa ba. Saboda irin wannan maganin ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015, kuma abin da Bature ya ƙi ci, 'ya'yanmu ne ke cinsa. Ƙwayar hayaƙi da a ke sa wa a buhu kuwa, kada a kuskura a yi amfani da ita a ɗakin da mutane ke kwana ko mai manne da shi, gama hayaƙinta na kisa.

Kada kuma a kwana da kuɗi a rumfa. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ta cinye kaya, ta kuma cinye kuɗin waɗanda suka mai da shago banki. Kuɗin da ke banki mai lasisi hukumar NDIC na lamunce su, kuma tun 2024 lamunin ya kai naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan talakawa.

Hukuma

Mai tallan ƙosai ba ta bukatar takarda daga Abuja. Wanda ke ciniki da ainihin sunansa, bai ƙara masa kome ba, doka ba ta tilasta masa rajistar suna ba. Amma wanda ya laƙaba wa sana'arsa wani suna, ko ya ke son asusun banki da sunanta, ko kwangila, ko rance mai kauri, sai ya yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC, wadda aka kafa a 1990. Ta intanet a ke yi yanzu. Dokar 2020 ta kuma yarda mutum ɗaya tak ya kafa ƙaramin kamfani, ba sai ya nemo na biyu ba. A 2024 an umarci masu sana'ar POS su ma su yi rajista. Duk abin da za a ƙulla a leda ko a kwalba a sa masa suna a kai kasuwa, ruwa ne ko abinci ko man shafawa, yana bukatar lambar NAFDAC. Kuɗin rumfa da lasisin shago na ƙaramar hukuma ne. A biya, a karɓi rasit, a adana shi. Wanda ya zo karɓar kuɗi ba rasit, a tambaye shi wanda ya aiko shi.

Zakka ma tana cikin lissafin sana'a, kuma littafin nan shi ke sauƙaƙa ta. In dukiyar ciniki ta kai nisabi ta kuma shekara, a kan fitar da ɗaya cikin arba'in. A mazhabar Malikiyya an bambanta mai juya kaya kullum, kamar mai shago, wanda ke ƙiyasta kayansa sau ɗaya a shekara ya haɗa da kuɗin hannu ya fitar, da mai ajiye kaya yana jiran kasuwa, wanda ke fitarwa sa'ad da ya sayar. Adadin nisabi da naira yana canjawa tare da farashin zinariya, don haka a tambayi malamin gari ko hukumar zakka.

Takardar da magatakarda zai rubuta

Saura ƙarar da muka fara ambata, ta mai kuɗi da mai juyawa. Wannan hulɗa halal ce, malaman fiƙihu na kiranta ƙiradi, wasu kuma mudaraba, kuma da ita fatake suka yi ta kai kaya Gwanja da Agadas. Amma tana da sharuɗɗa, mutane kuwa sun riƙe sunan sun saki sharuɗɗan. Riba kashi a ke yanka ta, rabi da rabi ko sulusi da sulusi biyu, yadda suka yarda. Ba a yanka ta da adadi, kamar a ce kowane wata ka kawo mini dubu ashirin ko an samu ko ba a samu ba, gama wannan ruwa ne aka sāke wa riga. In an faɗi ba da sakaci ba, hasarar kuɗi ta mai kuɗi ce, mai juyawa kuwa ya yi hasarar wahalarsa. In ya saɓa sharaɗi ko ya yi sakaci, a nan ne ya ke biya. Masu kuɗi da yawa ba su san wannan ba sai a gaban alƙali.

Saboda haka in mutum biyu suka zo neman shaida, magatakarda ya zaunar da su ya rubuta sunayensu da unguwanninsu, da adadin jari da lamba da kuma harufa, da irin cinikin da aka yarda a yi da wanda aka hana, da kason kowa a riba. Ya rubuta ko kuɗin mota da abincin tafiya daga jari za su fita, da ranar da za a riƙa zama a yi lissafi, wata uku uku ya fi shekara. Ya tambaye su, ko da ba su so, yadda za a yi in ɗaya ya rasu ko ya so ya janye. Haka za a yi wa yaron shago da ubangidansa: shekara nawa zai yi, me zai riƙa samu kafin nan, da me za a sallame shi. A karanta musu da ƙarfi a gaban shaidu biyu waɗanda ba su da rabo a cikin dukiyar, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. A yi kwafi uku, ɗaya ga kowannensu, na ukun ya zauna a fayil ɗin ofishin hakimi da lambarsa da kwanan watansa.